Labarin da Burulkan Ta Sa wa Gishiri

Bishkek, watan Satumba

Zuwa ga kakata, Tayene Burulkan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Kawu da matarsa Nurzat da duk mutanen Tash-Bulak. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Tayene, taimako nake nema. A wannan zangon muna da darasi mai suna Batutuwa na Musamman a Fannin Sadarwa. Batun da malamarmu, Malama Gulsara, ta zaɓa mana shi ne yadda labari ke yawo daga baki zuwa baki. Kowannenmu zai saki ƙaramin labari a cikin jama'ar da ya sani, ya bi sawunsa, ya rubuta wanda ya faɗa wa wani, da abin da ya ƙaru ko ya ragu a hanya. Sharaɗinta shi ne labarin ya zama gaskiya, kuma wanda ba zai cutar da kowa ba.

Na samo nawa. Za a gyara gadar ƙauyenmu idan ƙanƙara ta narke, na ga sanarwar da idona. Ki faɗa wa mutum ɗaya a shagon Kaliman, sai ki zuba kunne. Duk abin da ya dawo miki ki rubuto min. Kada mu yi maganar a waya, don wayar tana hannun Nurzat, in ta ji aikin ya lalace. Ki ba Sabir direba wasiƙar in zai shigo birni.

Sai na ci wannan darasin zan shiga shekarar ƙarshe. Don Allah, Tayene, kada ki ƙara komai a kai.

Jikarki mai biyayya,
Ayzirek

*

Tash-Bulak, ranar da Sabir ya ga damar tashi

'Yar raƙumata Ayzirek,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana gaishe ki, ta ce tana nan ba inda za ta.

Ashe abin da uwarki take goge daɓen asibiti don ta biya miki ke nan? Gulma? Da kin faɗa min tun farko ai da na zaunar da ke gefen murhu na ba ki digirin kyauta, har da shayi. Ki gaya wa Malama Gulsara akwai wata farfesa a Tash-Bulak, haƙoranta sun zube a bakin aiki, ba a taɓa ba ta albashi ba.

Na yi yadda kika ce. Na je shagon Kaliman sayen ashana, na ce mata, "Kin ji za a gyara gada?" Ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tun ina amarya ake gyara gadar nan. Ashana kawai?" A nan labarinki ya mutu, ko ƙofar shago bai kai ba. Na bi bakin famfo, na bi gidan da aka yi bikin sa jariri a shimfiɗa, na kasa kunne kamar zomo. Shiru. Ko kare bai yi haushi a kansa ba.

Sai hankalina ya tashi. Na ce yarinyar nan za ta faɗi jarrabawa saboda gada. Me za ki kai wa malamarki? "Na saki labari, ya yi tuntuɓe ya mutu"? Ke ba ki san labari ba, kamar romo yake, in babu gishiri ba mai kurɓa ta biyu.

Na koma shagon. Na yi ta juya sabulai ina shinshinawa sai da mata suka taru, sannan na rage murya. Ki rubuta wannan, ba ya cikin littattafanku: labarin da ake so ya yi gudu, da raɗa ake sakinsa. Na ce, "Jikata ta ga wani ɗan ƙauyen nan a babbar kasuwar Bishkek, cikin masu aiki a Rasha. Yana ta sayen tsaraba. Da alama gida ya nufa."

Suka ce, "Wane ne?"

Na ce, "Ba ta faɗa ba."

Ban kira sunan kowa ba, Allah ne shaidata. Rabin samarin ƙauyen nan suna Rasha, kullum wani na tafiya wani na dawowa. In bai zama gaskiya yau ba ai zai zama gobe, to ina ƙaryar?

Kafin in ja gwiwata zuwa gida labarin ya riga ni. Nurzat ta tare ni a ƙofa, ido waje, ta ce, "Apa, uwata, kin ji? Wai an ga wani namu da rigar fata da manyan akwatuna!" Ni ban sa masa riga ba, tsirara na sake shi. Washegari ya yi haƙorin zinariya. Jiya kuma na ji har da wata 'yar Rasha doguwa tana biye da shi tana tauna cingam.

Ga kurut nan, busasshen cukunmu, na ƙulla miki a leda, mai tsami irin wanda kike so. Ki lasa kina rubutu. Kada ki ba Sabir ko ɗaya, ya riga ya ci rabonsa a hanya, na san shi.

Kakarki, farfesar Tash-Bulak,
Burulkan

*

Tash-Bulak, Oktoba

'Yar tunkiyata,

Gaisuwa. Wasiƙarki mai faɗa ta iso, na karanta ta a tsaye. "Na ce kada ki ƙara komai," har da ja masa layi a ƙasa. Yaushe kika yi girman da za ki ja wa kakarki layi? To amma ajiye faɗan, wani abu ya faru, kuma tun da ya faru na kasa zama wuri ɗaya.

Labarin ya sami suna.

Ga yadda aka yi. Duk uwar da ke da ɗa a Rasha ta ɗauki waya ta kira shi: "Kai ne kake zuwa ba ka faɗa min ba?" Wannan ya ce ba ni ba ne, wancan ya ce ina kan gini ma yanzu haka. Aka yi ta cirewa ɗaya bayan ɗaya kamar ana tsince tsakuwa a shinkafa, har ya rage mutum guda wanda ba shi da lambar da za a kira.

Mederbek. Ɗan Toktobubu.

Kin san Toktobubu, katangarmu ɗaya, shekara ɗaya aka kawo mu ƙauyen nan muna amare, tare muka koyi kukan ɓoye a bayan garke. Kin kuma san Mederbek shi kaɗai gare ta. Da ya tafi yana kira, daga baya kiran ya yi nisa, sannan ya ɗauke ɗif. Kina aji nawa ma lokacin? Tun daga nan ba mai ambaton sunansa a gabanta.

Kaliman ce ta fara haɗa lissafin. Ta rufe shago da rana tsaka, abin da ko ranar da mijinta ya karye ba ta yi ba, ta kwasa da gudu tana ihun albishir tun daga kan titi, "Suyuncu! Suyuncu, Toktobubu!" Ina tsakar gida, na leƙa ta katanga. Toktobubu tana wankin ulu. Ta miƙe, ruwa na zuba daga hannunta. Ai kin san mai albishir ba ya buɗe baki sai an sa masa tukuici a hannu. Ta ce, "Ya tabbata, ya tabbata," yadda ake amsa albishir, ta duba hagu ta duba dama, ba komai kusa. Sai ta cire 'yan kunnenta na azurfa, waɗanda aka kawo ta da su, ta danƙa wa Kaliman. Tun ba ta ji ba ta sani. Wane albishir ne kuma ya rage mata a duniya?

Da Kaliman ta faɗa, sai ta zauna a ƙasa cikin ruwan wankin.

Can ta taso ta zagayo gidanmu ba takalmi. Ta riƙe fuskata da jiƙaƙƙun hannuwanta ta ce, "Burul, jikarki ce ta gan shi? Ya rame?"

Ayzirek, nan ne wurin da ya kamata in faɗa mata. Na sani. Amma bakin nan nawa ya saba tafiya ba da ni ba. Sai na ji yana cewa, "Bai rame ba. Ya ma yi ƙiba."

Ta yi dariya, ta yi kuka, ta ce, "Ɗan banza, ashe yana ci yana ƙoshi ya bar ni da tunani."

Yanzu ya za a yi? Ke ce mai karatu. Duba min a littafin, ko akwai babin da ake mayar da magana cikin baki.

Kakarki,
Burulkan

*

Bishkek, Oktoba

Tayene,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya. Na karanta wasiƙarki sau da yawa, na kuma yi baƙin ciki saboda Toktobubu Apa.

Amma Tayene, abin da ya faru yana nan a cikin karatunmu. Idan labari ya zo da gurbi, jama'a sukan cike gurbin da abin da suka fi buri ko suka fi tsoro. Mun karanta shi a takarda, ke kuma kin gan shi da ido. Duk ajinmu babu mai misali irin wannan. Wani ɗan ajinmu labarin ƙarin kuɗin mota ya bi, shafi biyu ya samu.

Ki ɗan dakata zuwa ƙarshen mako mai zuwa kafin ki faɗa mata. Ina so in san ko labarin ya haye zuwa ƙauyukan ƙetaren kogi, da abin da ya zama a can. Ban gaya wa Malama Gulsara komai ba tukuna. 'Yan kwanaki ba za su ƙara komai ba, tunda ta riga ta ji.

Jikarki,
Ayzirek

*

Tash-Bulak

Ayzirek,

Na amsa gaisuwarki. Ban aiko da kurut ba, kada ki zargi Sabir.

'Yan kwanaki ba za su ƙara komai ba? Bari in faɗa miki abin da suka ƙara, ki cika shafukanki.

Ta yanka ragonta. Wanda ta yi ta kiwo don naman hunturu, shi ta sa aka kayar, ta ce ɗanta ba zai shigo gidan da ba ƙanshin nama ba. Ta soya borsok, ƙananan fanken tarbar baƙi, cike da kwando, ya bushe, ta raba wa maƙwabta, ta sake soya wani. Ta shafe ɗakinsa da farar ƙasa ita kaɗai, tana hawa kujera da wannan bayan nata.

Kullum in rana ta karkata sai ta ɗauki butar shayi ta tafi bakin gada inda motoci ke sauke mutane. Ta zauna a kan dutse. Duk motar da ta tsaya sai ta miƙe ta gyara ɗankwali. Sabir ya ce min yanzu in ya hango ta ji yake kamar ya juya da motar. Dusar ƙanƙara ta riga ta sauko rabin tsauni, iskar kogin nan kuwa kin san ta, har ƙashi take shiga. Ta fara tari. Na ce mata, "Tokto, ki jira a gida mana, ai ya san hanya." Ta ce, "In ya sauko bai ga kowa ba, kunya za ta sa ya koma cikin motar. Na san ɗana."

Kina tsammani ban gwada ba? Na shiga gidanta da maganar a kan harshena. Na same ta tana ɗinka masa sabon bargo. Ta ce, "Yawwa, riƙe min bakin nan. Tunda kin ce ya yi ƙiba, in ƙara faɗi ko?" Na riƙe. Na zauna na riƙe bakin bargo har ta kai ƙarshe, na taso da maganar tana nan a kan harshena. Na sake komawa, ta zuba min shayi ta sa min kaimak, man saman madara, da hannunta. Na sha na fito. Ina shiga ina fita kamar kazar da ta rasa wurin yin ƙwai, har Nurzat ta fara tambayar kawunki ko a kai ni asibiti.

Mummunan labari kuma a garin nan ba mutum ɗaya ke kai shi ba, ba a kuma faɗa wa mace tana ita kaɗai. Dattawa ake tarawa, a shiga a zauna, a kewaya a kewaya har mai gida ya gane da kansa. Don haka na je wurin tsoho Asanali, shi ke shiga gaba a irin wannan. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Burulkan, mu mutuwa muka iya kaiwa. Wa ya mutu? Me zan ce mata in na zauna? Wannan tukunyar ke kika ɗora ta, ke za ki sauke."

Ya yi gaskiya, tsohon banza.

Ke kuma, 'yar boko, kin ga mace a kan dutse kin ce misali. Ni na yi ƙarya don jikata ta ci jarrabawa, wannan nawa ne, zan ɗauka. Amma ban aika ki birni don ki koyo wannan ba. Labarin ya haye kogi, tunda shi kike son ji. A can har an ce ya sayi mota.

Ranar Juma'a zan je in faɗa mata, ni kaɗai, ko da abotar da muka tsufa a cikinta za ta ƙare a ranar. Ba izininki nake nema ba.

Burulkan

*

Bishkek, Laraba

Tayene, kakata,

Assalamu alaikum. Ki yafe min. Na karanta wasiƙarki a tashar mota, na kasa shiga aji. Na je na faɗa wa Malama Gulsara komai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba za ta karɓi aikin ba, sai na maimaita darasin baɗi, ta kuma tambaye ni sunan matar da ke zaune a kan dutsen. Da na faɗa, ta ce in riƙe sunan fiye da duk abin da ta koya mana.

Amma ba wannan ne ya sa na roƙi Sabir ya juya yau ba. Tayene, Mederbek ya kira ni.

Labarin bai tsaya a ƙetaren kogi ba. Iyayen da suka kira 'ya'yansu sun kai shi Rasha. Ya yi ta yawo a wayoyin 'yan ƙauyenmu da ke can, daga Mosko zuwa wani gari mai nisa da ban taɓa jin sunansa ba, har wani da suke kwana ɗaki ɗaya ya ce masa, "Kai, wai kana Bishkek kana sayen tsaraba, uwarka ta yanka rago." Tunda an ce jikar Burulkan ce ta gan shi, sai ya nemi lambata.

Da faɗa ya fara. Ya ce, "A ina kika gan ni? Wa ya aike ku?" Na faɗa masa gaskiya. Sannan ya ce, "Da gaske tana zama a bakin gada?"

Ya ce wani inji ya cinye masa yatsu a wurin aiki, tun shekarar da ya daina kira. Takardun zamansa a Rasha sun mutu. Gadi yake yi a wani wurin ajiye katako. Ya ce ya tafi da alkawarin zai dawo ya yi mata rufin kwano, da wane ido zai dawo da hannu ɗaya da aljihu wayam? Na ce masa ba rufi take jira ba. Ya ce in bar koya masa uwarsa.

Ba zai zo ba, Tayene, ba yanzu ba. Amma ya ce in an kira shi ranar Juma'a bayan azahar zai ɗauka. Lambar tana bayan wannan takardar. Ki karɓi wayar Nurzat. Ya roƙa kada a faɗa mata zancen yatsun, shi zai faɗa da bakinsa. Don Allah, wannan karon kada ki rage, kada ki ƙara.

Jikarki mai neman gafara,
Ayzirek

*

Tash-Bulak, Juma'a da yamma

'Yar raƙumata,

Gaisuwa. Na je.

Na tare ta a ƙofa tana shirin tafiya gada, butar shayi a hannu. Na ce, "Suyuncu, Tokto." Muryata ko kaza ba za ta firgita ba.

Ta dube ni. Ba ta ce ya tabbata ba, ba ta nemi abin da za ta sa min a hannu ba. Ta ce, "Faɗa tukuna."

Tun da nake kai albishir a ƙauyen nan ba a taɓa ce min haka ba.

Na faɗa, a tsaye. Na ce ba wanda ya gan shi a kasuwa, ni na ƙirƙira. Ƙibar ma ni na sa masa. Ba ya hanya. Amma yana da rai, ga lambarsa, yana jira. Iyakar abin da na ce ke nan, ki shaida wa malamarki.

Ta ajiye butar a ƙasa a hankali. Ta ce, "Danna." Na danna. Da aka ɗauka ta karɓe wayar ta shige ɗaki. Ni na ja mata ƙofar da kaina, na tafi can ƙarshen tsakar gida wurin tarin itace, inda ko ihu aka yi ba zan ji ba. Abin da suka ce wa juna ban sani ba, kada ki tambaye ni.

Sai da ƙafafuna suka sandare ta fito. Idanunta sun kumbura. Ta miƙo min wayar ba tare da ta dubi fuskata ba, ta ce, "Gobe bayan shayin safe ki kawo min ita. Ki zo da wayar, ki bar bakin a gida."

Yau ba ta je gada ba.

Ban san yadda ake barin baki a gida ba, Ayzirek, ban taɓa yi ba. Gobe zan gwada. Ki sa rigar sanyi, Allah ya yi miki albarka.

Kakarki,
Burulkan